Rami Na Biyar

Ranar da Turai ta fara ganin Sada, da akwai sanda a kusa da ita da ta kwaɗa masa.

Shekarar nan ce da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka tura Turai koyar da lissafi a Kusada, alhali gidansu yana Kankia. Mahaifinta, Baba Manu, tsohon direban En'e ne, shekara talatin yana riƙe da sitiyari, yana kuma da wata farar Fijo da yake ji da ita kamar ransa. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya toshe kunne daga surutun gari ya koya wa 'yarsa tuƙi a filin ƙwallo.

Matsalar guda ce. Baba Manu dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure, ita kuwa Turai tsawon mahaifiyarta ta ɗauko. Ko an turo kujera har ƙarshe, an cusa mata matashi a baya, da ƙyar yatsunta ke taɓo birki. Sai tsohon ya ɗaure mata guntun katako a kan abin takawar da robar tsohuwar taya.

Katakon ya yi wata biyu yana aiki. Ran nan da hantsi, a daidai kwanar tashar Kankia, ya zame. Motar ta tafi sululu, ba ta tsaya ba sai da ta kifar da bencin mai shayi.

Wani saurayi ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota, baƙin mai tun daga goshi har gwiwar hannu. Ya zagaya Fijon, ya leƙa ciki.

"Ina direban?"

"Ga ni," in ji Turai, ta fito ta tsaya.

Ya dube ta daga ɗankwali zuwa takalmi, kuma gaskiya idon bai yi doguwar tafiya ba.

"To ina sauran shi?"

Direbobin da ke zaune gindin bishiyar bedi suka kwashe da dariya. Turai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Duk duniya babu abin da ta tsana kamar a taɓo mata maganar tsawo. Tun tana makaranta take dambe a kansa, kuma shi ya sa ta je har Kano ta sayo takalmin nan mai tudun yatsa uku, wanda ba ta rabuwa da shi sai za ta yi salla.

"Sauran na gida," ta ce. "Kai kuma ina ka baro fuskarka, ko baƙin mai ya cinye ta?"

Dariyar ta juya kansa. Bai kula ba, ya sunkuya ya zaro katakon ya ɗaga sama.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Babana."

"Allah ya ƙara mashi lahiya, amma wannan ba birki ba ne, neman ajali ne."

"Ba a tambaye ka ba."

"Bencin mai shayi ya tambaye ni, Malama."

Shi ne Sada, bakaniken tasha, ɗan gidan maƙeran Kusada, wanda ya bar zuga-zugin ubansa ya je Zariya ya koyo gyaran mota. Hannunsa na da kyau, bakinsa ne dai Allah ya shirya.

Washegari Baba Manu ya zo da kansa, da niyyar ya ga marar kunyar da ya kushe masa aiki. Sada ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zana masa abu a ƙasa da tsinke. Tun da Baba yana fita da motar ranar Juma'a, Malama kuma sauran kwanaki, ƙarin da za a yi wa birkin dole ya zama mai matsawa. Zai samo guntun sifirin babbar mota, ya kai maƙerar gidansu a daddale shi, a huda masa rami biyar a jere, a ɗaure shi da noti biyu a jikin sandar birkin. A kansa za a zura faifan da ƙafa ke takawa, ƙusa ɗaya mai kauri ta riƙe shi a ramin da ake so. Rami na ɗaya na dogo ne, na biyar na wanda ya fi kowa kusa da ƙasa. Kuloci ma zai yi masa ɗan ƙari, amma birki shi ne rai.

Baba Manu ya daɗe yana kallon zanen, ya ce a yi.

Saura awo. Ba zai yiwu saurayi ya tsuguna yana gwada ƙafar 'yar mutane a tsakiyar tasha ba. Sada ya tokare birkin har ƙasa da itace, ya karyo karan dawa ya miƙa mata.

"Ki zamna yadda kike tuƙi, ki miƙe ƙafa iyakar miƙewa. Tazarar da ta rage tsakanin tafin ƙafarki da birkin, ki karya mani kara daidai ita. Amma ki cire takalmin nan."

"Takalmina ya tsone maka ido?"

"Ƙafa nake son aunawa, ba takalmi ba."

Ya juya baya, ya tafi can ya tsaya. Turai ta shiga mota. Ta kai hannu kan maɗaurin takalmin, sai ta hango direbobin gindin bedi sun zuba ido, wani har ya miƙe tsaye don ya gani da kyau. Ta tuno "ina sauran shi". Ta janye hannunta, ta auna da takalminta a ƙafa, ta karya karan.

Sada ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya dube ta.

"Kin tabbata?"

"Ni malamar lissahi ce. Kai aji nawa ka yi?"

Ya jefa karan a aljihu.

Kwana huɗu ya yi a kan aikin. Ranar ɗaurawa ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, yana ɗaure noti yana kwancewa, har sai da faifan ya riƙa zamewa sama da ƙasa ba gargada. Ya taka shi da dukan ƙarfinsa sau ashirin. Ya nuna wa Baba Manu yadda ake zare ƙusa a mayar, sannan ya ɗora karan Turai a jikin ƙarfen, ya faɗa daidai rami na uku. Ta zagaya tasha da motar, ta taka, ta tsaya cak. Ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai nema ba.

Sai da ta isa Kusada ta buɗe aljihun mota neman alli, ta ga 'yar takarda mai shatin yatsa baƙi.

"Malama, ki riƙa duba ƙusar nan kowace safiya kafin ki tada mota. Baba rami na ɗaya, ke na uku. Ranar Alhamis ki kawo in ƙara ɗaure notuna. Ba don in gan ki ba ne, don birkin ne. Sada."

Ta yi tsaki, ta yaga ƙarshen littafin darasi.

"Malam Baƙin Mai, da don ka gan ni ne da ka gaji da jira. Zan kawo motar saboda birkin. Ka wanke hannu kafin ka taɓa kujerar Baba. Turai."

Haka aka fara. Kowace Alhamis bayan an tashi makaranta sai ta tsaya a tasha, su yi cacar baki a gaban jama'a, ya ce tana cin kuloci kamar tuwo, ta ce garejinsa ya fi juji datti. In ta tafi, sai ta tarar da takarda a aljihun mota. Mutanen tasha sun ɗauka ba su ga maciji da juna. Ita ma haka take gaya wa kanta, ko da yake ranar Alhamis ta fi daɗewa a gaban madubi.

A mako na bakwai ya rubuta:

"Direba, na wanke hannu da sabulu sau uku, har yanzu baƙi ne, haka Allah ya yi shi. Notunan nan sun ɗauru tuntuni, ba su bukatar kowa. Amma ki kawo ta ranar Alhamis."

Ta karanta sau huɗu a bakin hanyar Yashe, injin na ta ruri. Amsarta gajeriya ce kamar mai ita.

"Na sani tun mako na biyu. Zan kawo."

Abin da masoyan nan suka manta shi ne, ranar Juma'a motar ta Baba Manu ce. Idonsa ya fara yana, amma bai kai ga kasa karanta takarda ba. Ya dawo daga masallaci, ya kira ta tsakar gida, riƙe da takardar Sada da ya tarar a aljihun mota.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, ba ya faɗinsa. "Na ba ki boko, na ba ki mota, gari ya zage ni na shanye. Sakayyar ke nan? Ɗan maƙera?"

"Baba, sana'a ce."

"Sana'a ce, na sani. Ya gyara mani mota, in gode mashi. Amma tun kakanninmu suna bin shanu ba mu taɓa haɗa jini da maƙera ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Daga yau babu ke babu tasha."

Akwai wanda labarin ya yi wa daɗi. Amiru ɗan wan Baba Manu ne, malamin ofis mai Basfa da agogon hannu, wanda ya daɗe yana ganin Turai tasa ce, jira kawai yake ta gaji da yawon mota ta zauna. Ya fara zuwa gidan kullum da yamma, yana faɗa wa tsohon cewa shi fa tun farko bai yarda da ƙarfen da aka ƙera a bukkar maƙera aka liƙa wa motar Turawa ba.

Turai ta daina tsayawa a tasha. In ta zo wucewa sai ta ɗaure fuska ta ƙara wuta, ta isa gida ta rufe ɗaki ta yi kukanta.

Damina ta yi nisa. Wata Talata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe har azahar, harabar makaranta ta zama taɓo. Turai na tsallakawa zuwa mota, laka ta riƙe takalminta, maɗaurin ya tsinke. Ta cire duka biyun ta jefa a kujerar baya, ta tada mota da ƙafa ba takalmi. Ko a ranta ba ta kawo komai ba.

A fitar Kusada hanya na da gangara. Tana cikin gangarowa wata tsohuwa ta koro jakinta ta shigo tsakiyar hanya. Turai ta taka birki. Ƙafarta ta miƙe har ta ƙare, birkin bai ƙare ba. Ta zamo gaba, matashin ya sulluɓe, ta yi salati ta murɗa sitiyari. Fijo ta keta darni, ta daki rumbun wani dattijo, Malam Jaji, ta tsaya. Rumbun ya tsage, damman gero suka zubo cikin ruwa, ga shi tsakiyar damina, abincin gidan ke nan har kaka.

Ba wanda ya ji ciwo. Jama'a suka taru, har da Sada, wanda ya zo gida ganin mahaifinsa. Ya kutsa da gudu, ya ga tana tsaye da ranta, ya sauke numfashi. Sannan idonsa ya sauka kan ƙafafunta cikin laka. Ya daɗe yana kallo.

Kafin magariba Amiru ya gama zagaye Kankia da labari: ƙarfen ɗan maƙera ya ƙi kamawa, ya kusa kashe 'yar mutane. Aka jawo motar aka ajiye a tasha. Ɗanmaliki, Sarkin Tasha, ya sa ranar Asabar za a zauna. In ta tabbata aikin Sada ne ya ci amana, zai kwashe sifanunsa ya bar tashar, kuma daga Katsina har Kano ba direban da zai sake ba shi ko da faci. Da aka tambayi Sada, cewa ya yi aikin hannunsa ne, ba shi da abin faɗi.

Da Baba Manu ya tambayi Turai, ta ce ta taka bai kama ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba, kuma ta san haka.

Ranar Alhamis ta shiga motar haya ta je makaranta. Da aka tashi ta bi ta gidan Malam Jaji don ta ba shi haƙuri, sai ta tarar da Sada ya naɗe wando yana kwaɓa ƙasa, shi da 'yan'uwansa suna ɗinke rumbun. Ya gan ta, ya ci gaba da aikinsa. Ta tsaya a bakin karyayyen darnin har sai da ya gaji ya tako.

"Ka san abin da ya faru," ta ce.

"Na sani. Na ga ƙafarki."

"To mi ya hana ka faɗi?"

"In tsaya gaban direba arba'in in yi zancen ƙafar ɗiyar mutane? Ba a koya mani haka ba."

"Sai ka bari su kore ka?"

"Ke mi ya dame ki? Ɗan maƙera ne ni, in koma ma zuga-zugi. Ai can kuka ce na dace."

"Ni ban ce ba!"

"Ba ki ce ba, kin dai wuce ni da gudu sau goma sha ɗaya. Ina ƙirgawa."

Idonta ya kawo ruwa, abin ya ƙara ba ta haushi. "Ba ni son alfarmarka, Sada."

"Ba alfarma ba ce, haushinki nake ji." Ya yarfe ƙasar hannunsa. "Saboda tudun yatsa ukku kika kusa kashe kanki. Da tsohuwar nan fa? Da ke kika mutu fa, ni in yi yaya?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro guntun karan nan, ya bushe har ya yi ja. Ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ga awonki, malamar lissahi."

Ya koma kan kwaɓin ƙasarsa. Turai ta tsaya da kara a hannu tana juya shi. Wata huɗu yana yawo da wannan kara a aljihunsa.

Ranar Asabar da hantsi gindin bedi ya cika. Ɗanmaliki na kan kujera, Baba Manu a gefensa ya haɗa rai, Sada na tsugune a ƙasa. Amiru ya miƙe ya gyara agogo, ya yi jawabi mai tsawo a kan injiniyoyin ƙasar waje da suka yi shekaru suna karatu kafin su ƙera birki, sannan wani ya zo da guduma da gawayi ya ce zai yi masu gyara.

Yana cikin magana aka ga mutane suna darewa. Turai ce, da mayafinta, da takalminta mai tudu da ta kai aka ɗinke.

"Ke kuma mi ya kawo ki cikin maza?" in ji Amiru. "Koma gida."

Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa ta gaida Ɗanmaliki. "Ranka ya daɗe, ni ce direban. A ba ni mutum huɗu masu ƙarhi."

Ɗanmaliki ya dubi Baba Manu, tsohon ya kau da kai. Aka ba ta.

Ta shiga motar, ƙusa na nan a rami na uku inda take. Ta cire giya, ta taka birki. "Ku tura."

Ƙarti huɗu suka tura har jijiyoyin wuyansu suka tashi. Mota ko gezau.

Turai ta buɗe ƙofa, ta zuro ƙafafunta waje inda kowa zai gani. Ta kwance takalmin, ta ajiye su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ta koma ta miƙe ƙafa iyakar miƙewa. "Ku sake turawa."

Motar ta gangara salin alin, sai da aka sa mata dutse.

Ta fito ta tsaya a kan ƙafarta ta Allah, kanta bai wuce rufin motar ba, ta ɗaga karan sama.

"Ya ce in cire takalmi in auna, na ƙi, don kada ku yi mani dariya. Ya tambaye ni ko na tabbata, na zage shi. Ranar da abin ya faru ba takalmi a ƙafata. Ƙarfensa bai yi laihi ba, ni ce gajera. To ga ni, ku yi dariyar."

Suka kuwa yi. Wani ya fara, saura suka ɗauka, har mai shayi ya riƙe ciki. Turai ta tsaya tana shan dariyar, hawaye na zuba, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kin kunyata gidanmu," in ji Amiru a hankali.

"Yaya Amiru, kwana huɗu kana yawo da ƙarya a kan Basfa ba ka ji kunya ba, sai yau?"

Ya tada Basfarsa ya bar wurin.

Sada ya miƙe ba tare da an ce masa ba. Ya sunkuya cikin motar, ya zare ƙusa, ya jawo faifan ya mayar rami na biyar. "Shiga ki taka, Malama."

Ta taka da tafin ƙafarta. Mutum shida suka tura, mota ta ƙi motsi. Ɗanmaliki ya buga sandarsa a ƙasa ya ce magana ta ƙare, Sada na nan a tasharsa.

Amma Baba Manu bai gama ba. Ya taso ya durƙusa da ƙyar a bakin ƙofar motar, ya shafa ƙarfen tun daga sama har ƙasa, yana neman tsaga ko lanƙwasa. Bai samu ba. Ya juyo ga Sada.

"Kai. Ka san awon nan ƙarya ne tun ranar?"

"Na yi zato, Baba."

"Ka yi zato, ka ɗaura?"

Sada ya sunkuyar da kai. "Na ji nauyin in ƙaryata ta gaban mutane. Nan ne laihina, kuma shi ya sa ban yi gardama ba. Bai kamata bakanike ya ji kunya a kan birki ba."

"Sakarkaru biyu," in ji Baba Manu. "Ɗaya ta ɓoye ƙafa, ɗaya ya ɓoye baki, kuka taru kuka rushe ma bawan Allah rumbu." Ya kama hanyar gida, ko waiwaye bai yi ba.

Kada a ɗauka daga nan tsohon ya sauko. Da manyan Sada suka zo neman iri, ruwa kawai ya ba su, ya ce a ba shi lokaci. Turai ta koma tuƙi a rami na biyar, da silifas, ta ɗebo daga rumbun gidansu ta kai wa Malam Jaji madadin geron da laka ta ɓata. Takardu suka ci gaba, yanzu a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa ta cikin mota.

"Direbata, in Baba ya ce shekara goma, zan jira. Ina da rami biyar na haƙuri, yanzu ina na ɗaya."

"Baƙin Maina, kar ka cika baki. Ka dai ci abinci, an ce ka rame."

Sai wata Juma'a bayan an sauko, Baba Manu ya juya kan Fijo ya nufi Kusada shi kaɗai. Ya yi sallama a maƙerar su Sada, aka shimfiɗa masa buzu. Ya zauna har la'asar yana kallon mahaifin Sada na fitar da jan ƙarfe daga wuta, yana duka, yana dubawa, yana mayarwa, ba gaggawa. Da ya dawo ya kira Turai.

"Uwata, shekara talatin raina na rataye a kan ƙarfen da ban san wanda ya ƙera shi ba. Ban taɓa tambayar ɗan gidan wane ne ba, takawa kawai nake in ce bismillah. Wannan kuwa na ga hannun da ya yi shi." Ya dube ta. "Ki ce manyan Sada su dawo."

Turai ta faɗa kan ƙafafunsa tana kuka, ya ce ta tashi kada ta ɓata masa riga.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baba Manu. Direbobin tasha suka jera motoci tun daga bakin zaure har kwana, Malam Jaji ya zo da damin sabon gero a ka. Da la'asar, da za a kai amarya Kusada, aka fito da ita lulluɓe, aka nufi kujerar baya da ita.

"Ku dakata," in ji Baba Manu.

Shi ya fita da motar da safe, ƙusa na rami na ɗaya. Ya durƙusa cikin babbar rigarsa, ya laluba da yatsu, don idon ya ƙara dushewa. Ya zare ƙusar, ya ƙirga ramukan da hannu har biyar, ya soka. Sannan ya sa a kira masa ango, ya damƙa wa Turai makulli a ƙarƙashin mayafi.

"Sada, gobe ka yi ma ƙusar nan walda a inda take."

"Baba, in an yi walda, kai fa ranar Juma'a?"

"Ni na sauka. Jiya na kusa taka akuya ban gan ta ba. Ita za ta riƙa kai ni masallaci."

Kafaɗun amarya suka fara rawa a ƙarƙashin lulluɓi. Sada ya durƙusa a gaban surukinsa, shi ma idonsa ya cika.

"Baba, ka yi mani izini in bar ramukan yadda suke. Akwai jikoki tahe in Allah ya so, kuma ba mu san wa za su ɗauko ba, kai ko ita."

Daga cikin mayafi wata ƙaramar murya mai kuka ta ce, "Za ka gane kurenka in mun isa."

Baba Manu ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan Sada.

"To a bar su. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari, dogaye da gajeru. Allah ya tsare hanya."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Amarya ta ɗage mayafi daidai ido, ta zame takalmin biki ta miƙa wa ƙawarta, ta zauna a bayan sitiyari. Ta taka birki sau biyu, ta ji ya kama, sannan ta tada mota.